Ta wace ƙofa ruwa ke shiga saman sararin samaniya? Labarin ruwa mai nauyi da hasken leza

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan la'asar a watan Agusta yana kallon hadari ya taso daga gabas, zai tuna yadda gajimaren ke tashi kamar an gina hasumiya, yana ta hawa yana hawa, sai can ya kai wani waje ya tsaya cak, samansa ya baje kamar faifai. Ni dai tun ina yaro abun nan yake ɗaure min kai, me ya tare shi a can? Wani lokacin kuma in ka ƙura ido sosai zaka hango wani ɗan tozo ya ɓullo a saman faifan, ya ɗan jima sannan ya lotsa. To wannan ɗan tozon, wanda yawancinmu ko lura da shi bama yi, shi masana suka shafe shekaru kusan 30 suna bi da jirage da na'urori masu tsada, kuma ina ganin ya kamata mu san dalili, dan hadarin yankinmu na cikin waɗanda ake magana a kai.

Inda gajimaren ya baje ɗin nan iyaka ce. Ƙasa da ita shine ɓangaren iskar da muke rayuwa a ciki, inda ake ruwa da iska da hazo da komai, sunansa tirofosfiya. Sama da ita kuma sitiratosfiya, inda lemar ozon take. A ƙasashe masu zafi irin namu iyakar tana wajen kilomita 16 zuwa 18 daga ƙasa, kuma abun mamakin shine ta fi ta saman ƙasashe masu sanyi sanyi, sanyin yana kaiwa digiri 80 ƙasa da sifili, a saman kanmu mu da muke kukan zafi. Daga nan in ka ƙara hawa iska ta fara ɗumi saboda ozon na shan hasken rana, shi yasa gajimare baya iya wucewa cikin sauƙi, ya zama ya fi iskar da ke samansa sanyi da nauyi, dole ya baje.

A lokacin yaƙin duniya na biyu wani masani a Ingila mai suna Alan Brewer yana bincike kan farin layin da jirage ke bari a baya, dan layin yana tona asirin jiragen yaƙi, sai ya riƙa auna damshin iska a can sama. Abun da ya gani ya bashi mamaki, iskar sitiratosfiya a bushe take ƙayau, ƙwayar ruwa 3 zuwa 5 kacal cikin ƙwayoyin iska miliyan ɗaya. Ka kwatanta da iskar damina a ƙasa da take ɗauke da 20,000 zuwa 30,000 cikin miliyan. A 1949 ya fitar da bayaninsa, yace iskar da ke saman Ingila ba daga saman Ingila ta hau ba, dan sanyin iyakar can bai kai ya busar da ita haka ba, dole ta saman ƙasashe masu zafi ta shiga, inda sanyi ya matse ruwan jikinta ya zama ƙanƙara ya faɗo, sannan busasshiyar ta bazu zuwa arewa da kudu. Kamar dai kwalbar lemo da ka ciro daga firij, nan take zaka ga ta yi gumi, ruwan iskar ɗakin ne sanyi ya kama.

Bayanin Brewer yana nan har yau, babu wanda ya rushe shi. Amma tambaya ta rage. Ɗan ruwan da ya samu ya tsallake, ta ina ya bi? Shin a hankali iska ta hau da shi cikin makonni da watanni ta ratsa sanyin nan, ko kuwa hadari ne mai ƙarfi, irin mai tozon nan, ya yi jifa da ƙanƙara sama ta ƙetare iyaka ta koma tururi a can? In ka auna yawan ruwan kawai bazaka gane ba, 4 cikin miliyan 4 cikin miliyan ne ko ta ina ya zo. Ana buƙatar shaida, kuma shaidar tana jikin ruwan kansa.

Ga yadda abun yake. Ƙwayar ruwa haidurojin biyu ce da oksijin ɗaya, wannan kowa ya sani tun sakandare. Amma ba duk haidurojin ne iri ɗaya ba, akwai wani mai nauyi da ake kira diyuteriyam, yana da ƙarin niyutiron a cikinsa, nauyinsa ninki biyu na na yau da kullum. Harold Urey ne ya gano shi a Amurka a 1931, har ya samu kyautar Nobel a 1934 saboda shi. Irin waɗannan 'yan gida ɗaya da nauyinsu ya bambanta su ake kira aisotof. A ruwan teku kusan haidurojin ɗaya cikin 6,400 mai nauyin ne, wato kusan ƙwayar ruwa ɗaya cikin 3,200 tana ɗauke da shi, ita ake rubutawa HDO. Akwai kuma mai ɗauke da oksijin 18 maimakon 16. Ruwan randarka akwai su a ciki, kana sha kullum, ba guba bane ba komai ba.

Muhimmin abu shine mai nauyin ya fi son zama ruwa ko ƙanƙara, ba ya son zama tururi kamar ɗan'uwansa marar nauyi. Bambancin a zafin ɗaki wajen kashi 8 cikin 100 ne, a kan ƙanƙara daidai sifili wajen 13, amma a sanyin iyakar can sama ya kai wajen kashi 40. To ka ɗauki iska ta taso daga teku da tururinta, tana hawa tana sanyi, duk sanda wani ɓangare ya daskare ya faɗo sai ya tafi da mai nauyi fiye da rabonsa. Kamar shiƙar gero ce, a ɗaga ƙwarya a zuba, tsaba ta faɗo ƙasa ƙaiƙayi ya bi iska, a sake ɗagawa a sake zubawa. Kafin tururin ya kai kilomita 17 an shiƙe shi sau ba adadi. In ka yi lissafi da wannan hanyar, wadda ake dangantawa da masanin Ingila Rayleigh, ya kamata tururin da ya isa iyaka ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na HDO ɗin da ya taso da shi, masana suna rubuta shi 900 ƙasa da sifili a ma'aunin kashi dubu.

Sai aka auna aka ga ba haka ba. Wata na'ura mai suna ATMOS da aka ɗora a kumbon Amurka tana kallon rana ta cikin iskar duniya lokacin fitowa da faɗuwa, kuma a 1996 Elisabeth Moyer da abokan aikinta suka fitar da sakamakon, ruwan da ke shiga sitiratosfiya yana wajen 670 ƙasa da sifili ne, ba 900 ba. Kar lambobin su ruɗe ka, ma'anarsa ana zaton kashi 10 zai rage sai aka tarar da kashi 33, ninki uku kenan. Daga ina ƙarin ya fito? Amsar da ta fi zama a hankali itace ƙanƙara. Ita ƙanƙarar da ta haɗu a ƙasa ƙasa cikin hadari ai ita ce ta kwashe mai nauyin, in iskar hadarin ta yi ƙarfin da ta ɗaga ta sama kafin ta faɗo, ta kaita inda iska ke bushe ta koma tururi, to ta dawo da nauyin da aka shiƙe. Wato tsabar da ya kamata ta faɗo ƙasa guguwa ta sure ta ta haɗa ta da ƙaiƙayi.

Matsalar kallo daga kumbo ko tauraron ɗan'adam shine idonsa baya ganin ƙananan abubuwa, yana haɗa iskar ɗaruruwan kilomita a kwance wuri ɗaya, kaurin kilomita biyu uku, kuma gajimare na tare shi. Shi kuwa damshin da hadari ke bari a sama siriri ne, wani kaurinsa 'yan ɗaruruwan mita ne. Dole sai an je wajen. Tun shekarun 1960 da 1970 wani masani mai suna Dieter Ehhalt ya riƙa tara tururi daga jirgi yana daskarar da shi a kawo ɗakin gwaji, amma kafin ka tara abun da zai isa awo a iska mai bushewa haka jirgi ya yi tafiya mai nisa, ka cakuɗa cikin gajimare da wajensa. A nan leza ta shigo.

Kowace ƙwaya tana da irin hasken da take sha. Ƙwayar ruwa tana girgiza tana juyi, kuma saurin girgizar ya danganta da nauyin abubuwan da suka haɗa ta, kamar yadda tsirkiya mai kauri da siririya basa bada amo ɗaya. Saboda haka HDO da ruwa na yau da kullum kowa da inda yake shan haske a ɓangaren infared da ido baya gani. Sai a samu ƙaramar leza wadda in ka ɗan canza wutar da kake bata launin haskenta zai ɗan gusa, a sa ta tana share wani ɗan tsaki na launi gaba da baya sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, hasken ya ratsa iskar da aka zuƙo daga waje, a ɗaya gefen kuma akwai abun da ke auna nawa ya iso. Duk inda wata ƙwaya ta sha, sai ka ga hasken ya yi rami. Zurfin ramin HDO a kan zurfin ramin ruwa shine awon. A faɗe kamar da sauƙi.

Yanzu ka yi lissafin da ni. Ruwa 4 cikin miliyan, HDO ɗaya cikin 3,200 na wannan, sannan kashi biyu cikin uku nasa ma ya zube a hanya. Abun da ya rage wajen rabin ƙwaya ne cikin biliyan ɗaya. Kuma ba ganinsa kawai ake so ba, so ake a auna shi daidai har a bambance 600 da 500. In hasken mita ɗaya kawai ya ratsa, ramin da zai bari ko alamarsa baza a gani ba, dole a tsawaita tafiyar hasken, kuma jirgi bashi da filin kilomita. Dabarar madubi ce. Ka tuna shagon aski mai madubi gaba da baya, yadda kake ganin kanka a jere har ba iyaka. Na'urar ALIAS ta Chris Webster na cibiyar JPL ta hukumar NASA tana da madubai biyu da ke maida haske ya yi tafiyar mita 80 a cikin bututu ɗan mita ɗaya. Waɗanda suka biyo baya suka wuce nan nesa, suka yi amfani da madubai masu maido da kusan kashi 99.98 na hasken da ya faɗa musu, kaga kenan haske zai yi kai komo wajen sau 5,000 kafin ya zurare, in bututun santimita 90 ne tafiyar ta haura kilomita 4. Ana shigar da hasken a ɗan karkace ne dan kar ya riƙa taka sawun kansa yana kawo hayaniya. Na jami'ar Harvard da irin wannan dabarar yake aiki, haka ChiWIS na jami'ar Chicago wanda nasa tafiyar ta wuce kilomita 7.

Amma wallahi a ganina duk wannan ba shine mafi wuya ba. Mafi wuya shine ruwa yana da naci, yana manne wa komai. Jirgi ya tashi daga fili mai damshi inda iska ke da ruwa dubu ashirin da wani abu cikin miliyan, cikin ƙasa da awa ɗaya ya kai inda ake da 4. Duk wani ɗan damshi da ya maƙale a bangon bututu, ko a roba, ko a mahaɗar ƙarfe, zai riƙa fita a hankali yana shiga iskar da ake aunawa, kuma shi ruwan ƙasa ne, mai nauyi ne. Wato ƙazantar tana kama da ainihin abun da ake nema sak, zaka ga awo ya nuna ruwa mai nauyi ka ɗauka hadari ne ya kawo alhali bututunka ne bai bushe ba. Shi yasa kafin tashi ake ta hura busasshiyar iska a cikin na'urar, a rufe bakinta sai an yi nisa sama, a ɗumama bututun, a sa famfo mai ƙarfi dan iska ta wuce da sauri kar ta zauna. Hatta inda bakin ke kallo da ma'ana, in yana kallon baya tururi kawai zai zuƙa ƙanƙara ta wuce, in yana kallon gaba zai kwashi har ƙanƙarar ya narkar. Ga girgizar jirgi da ke neman kautar da madubi, ga zafi da sanyi da ke canza zurfin ramukan ko da ruwan bai canza ba. Kuma babu mai zama kusa da na'urar ya gyara, a kunna ta a ƙasa ne a yi addu'a.

Jiragen da ke kaiwa can ma 'yan kaɗan ne a duniya, kuma kusan duk asalinsu na soja ne. NASA na da WB-57 da ke tashi daga Houston yana kaiwa wajen kilomita 18, da ER-2 ɗan gidan jirgin leƙen asiri na U-2 mai kaiwa 20, sai M-55 Geophysica na Rasha da Turawa suka daɗe suna haya. Matuƙan sai sun sa kaya irin na 'yan sama jannati.

A Yulin 2002 aka ɗora ALIAS a WB-57 a Fulorida, ya riƙa shiga yana fita cikin gajimaren da ke bajewa a saman hadari, kuma a 2003 Webster da Andrew Heymsfield suka nuna cewa awon yana tsalle sosai daga wuri zuwa wuri, wata ƙanƙarar mai nauyi ce alamar daga ƙasa aka ɗago ta, wata kuma marar nauyi alamar a nan sama ta haɗu. Daga baya na'urorin Harvard suka tashi daga Kosta Rika a 2006 da 2007. Shi Webster ɗin nan irin wannan fasahar ya tura duniyar Mars a cikin motar Curiosity, ta auna diyuteriyam a can.

Ga inda abun ya zo gida. A Agustan 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an kawo Geophysica Wagadugu, kuma cikin kayan da ya ɗauka akwai wata na'urar leza mai suna IRIS daga jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, nauyinta kilo 51, ta yi tashi uku tana auna aisotof na ruwa a saman Sahel. Ta yi aiki a ɓangaren da ke da ɗan damshi, amma masu ita da kansu suka ce sai an ƙara mata ƙarfin gani sosai kafin ta iya da bushewar can ƙoli. A wannan watan kuma daga Yamai aka saki balan balan shida ɗauke da ma'aunin damshi kusa da manyan hadura, suka tarar da siraran shimfiɗu na damshi a saman iyaka, aka bi sawun iskar baya a hotunan tauraron ɗan'adam aka ga yawancinsu daga hadarin da ya yi tozo suka fito. Su balan balan ɗin basu auna aisotof ba, yawan ruwa kawai, amma labarin ɗaya ne. Ba kuma haka kawai aka zaɓi nan ba, awon tauraron TRMM mai auna ruwan sama ya nuna hadarin da ya fi ƙarfi a duniya a kan tudu yake ba a teku ba, kuma Sahel da tsakiyar Afirka suna sahun gaba tare da Ajantina da tsakiyar ƙasar Amurka. Abun da ke min ciwo shine irin wannan zuwan ba a cika yinsa ba, jirgi ya zo ya yi makonni ya tafi, alhali hadarin duk shekara yana nan.

A 2017 aka kai Geophysica Katmandu ta Nefal da ChiWIS a ciki dan daminar Asiya, sannan a 2022 aka sake ɗora ChiWIS ɗin a WB-57 daga Koriya ta Kudu. A Nefal an ci karo da damshi mai nauyi a saman iyaka wanda ya nuna ƙanƙarar hadari ce ta koma tururi a wajen. Su 'yan Chicago ɗin sun kuma toshe wata ɓaraka da ta daɗe, dan lambar da kowa ke amfani da ita ta yadda ƙanƙara ke fifita HDO, tun 1967 Merlivat da Nief suka auna ta a Faransa kuma a digiri 40 ƙasa da sifili suka tsaya, sauran duk ja aka yi da lissafi. Sai aka je wani katon ɗakin haɗa gajimare mai suna AIDA a Karlsruhe ta Jamus aka auna har wajen 80 ƙasa da sifili, sakamakon ya fito a 2017 kuma ya zo kusa da abun da aka zata.

Sai dai kar a wuce gona da iri, dan na ga masu ɗaukar maganar kamar an ce hadari ne ke cika sitiratosfiya da ruwa. A'a. Ƙanƙara zata iya komawa tururi a ƙasa da iyaka kaɗan, wajen kilomita 14 zuwa 16, ta bar nauyinta a tururin, sannan iskar ta ci gaba da hawa a hankali ta bi ta sanyin Brewer ɗin dai. Kaga nauyin ya nuna hannun hadari amma yawan ruwan sanyi ne ya yanke shi. Yawancin masana a kan haka suke, sanyin iyaka shine babban mai gadi, jifan kai tsaye ƙari ne, mai yawa a wasu wurare kamar saman Amurka ta Arewa lokacin zafi inda tauraron Kanada mai ɗauke da na'urar ACE ya ga ruwa ya fi nauyi. Akwai kuma ƙofa ta uku can sama, iskar mitan da ke rugujewa ta bada kusan ƙwayar ruwa biyu kowace ɗaya.

To me yasa ake wannan wahala a kan ruwan da bai taka kara ya karya ba? Saboda a wannan tsayin ɗan kaɗan ɗin yana riƙe zafi fiye da girmansa. Susan Solomon da abokan aikinta sun nuna a 2010 cewa ruwan sitiratosfiya ya ragu da wajen kashi 10 bayan shekarar 2000, kuma wannan kaɗai ya rage saurin ɗumamar duniya na shekarun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan yana kuma taɓa sinadaran da ke cin ozon. Sannan a 15 ga Janairun 2022 dutsen Hunga da ke ƙarƙashin teku a Tonga ya fashe ya watsa ruwa kusan tan miliyan 146 can sama, kusan kashi 10 na duk wanda ke wajen, a yini ɗaya. In duniya ta ƙara zafi, iyakar zata iya ɗumi ta bar ruwa ya ƙara wucewa, hadari ma zai iya canza ƙarfi, kuma waɗannan hanyoyi biyu ba lallai su tafi tare ba. Manhajar hasashen yanayi zata iya bada 4 cikin miliyan daidai amma ta hanyar da ba ita ba, in kuwa haka ne hasashenta na shekara 50 masu zuwa zai kauce. In aka sa ta ta fidda HDO ma aka gwada da abun da jirgi ya auno a saman Katmandu ko Wagadugu, nan ake gane ko ta san ƙofar da ruwan ya bi.